Ɓargona a Jikin Auta

Ina da shekara goma sha uku aka haifi autanmu, a gidanmu na Dakoro. Ni ce babba, sai ƙannena mata biyu, sai wani namiji da ya rasu yana shekara biyu, sannan shi. Ranar suna wanzami ya zo aski, ya ɗaga hular jaririn, ya tsaya da aska a hannu. Gashin ba baƙi ba ne. Ruwan toka ne mai sheƙi, kamar bayan sabon kwanon silba. Ya ce tun da yake sana'a bai taɓa aske wa ɗan kwana bakwai furfura ba. Mata suka yi ta dariya, aka ce an haifo mana dattijo. Inna ce kawai ba ta yi dariya ba. Wancan da ya rasu a Bader Goula ta haife shi, wurin iyayenta, kuma irin gashin ke nan da ya zo da shi.

Auta ya taso yaro ne mai fara'a, amma jikinsa bai taɓa barin sa ya huta ba. Cizon sauro da zai yi wa kowa kwana ɗaya, a wurinsa sai ya zama maruru. Dasashinsa ya kumbura, in ya ciji ƙuli-ƙuli sai jini. Kunne ya yi ruwa, a yi magani, ya lafa wata guda, ya dawo. Rana kuma tana damun idonsa, in ya fito tsakar gida sai ya runtse ido yana laluben bango. Fatarsa ta fi tamu haske, da ɗigo-ɗigo a fuska da hannuwa. Wasu suka ce zabiya ne da bai ƙarasa ba. Wasu, ciki har da dangi, suka ce nonon Inna ne ba kyau, shi ya kashe na farko. A gabanta ba su faɗa, amma maganar tana isowa.

A asibitin garinmu kuma, duk wanda ya ga launin gashin sai ya ce tamowa ce. A auna masa dantse, a tambayi Inna abin da take ba shi. Na tuna ranar da ta dawo ranta a ɓace, ta ajiye shi a tabarma ta ce mini:

"Ni za a koya wa tamowa? Gashin mai tamowa ja ne, shina karyewa in ka taɓa. Dubi wanga, sheƙi shikai. Yaron ga shina ci, ciwon nashi daban ne."

Inna ba ta yi lakwal ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ita ta riƙe yaron nan shekara biyar da dabararta. Ruwan shansa sai ta tafasa. Farcensa kullum a yanke. Ƙurji ko ƙanƙane ne sai ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta kai shi asibiti tun bai nuna ba. Baba, da yake fataucin gero da wake yake yi tsakanin Dakoro da Maradi, ya sa aka saƙa masa ƴar malafa a kasuwar Kornaka daidai kansa. Da ita yake fita, da ita yake wasan ƙasa a ƙarƙashin dalbejiya.

Yana shekara biyar, daidai farkon hutun damina, zazzaɓi ya kama shi ya ƙi sauka. Aka gwada na cizon sauro, babu. Aka ba da magani duk da haka, bai ji ba. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri ta hagu, tafin hannunsa ya yi fari fat. Rana ta takwas aka rubuta mana takarda zuwa Maradi. Ina lise, babbar sakandare, a lokacin, kuma ni kaɗai ce mai jin Faransanci sosai a gidan, saboda haka Baba ya ce in raka Inna da Auta.

Likitar yara da muka samu a can mace ce, gajera, mai Hausar Damagaram. Ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, ba ta yi sauri ba. Da ta zo kan gashin sai ta ja kujera ta zauna, ta fuskanci Inna.

"Hajiya, ke da maigidanki akwai zumunci?"

"Ɗan baffana ne."

"An taɓa haihuwar mai irin wannan gashin a danginku?"

Inna ta dube ta. Shekara biyar tana yawon asibiti, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Sai ta buɗe baki. Ta faɗi nata da ya rasu, da yadda cikinsa ya kumbura kafin ya tafi. Ta faɗi wata yarinya a Bader Goula, jikar ƙanen kakanmu, tun Inna tana budurwa, ita ma ba ta wuce yaye da nisa ba. Likitar tana ji tana rubutawa. Daga nan ta ɗauko almakashi, ta nemi izini wurin Auta kansa, ta yanki ɗan gashi ta nannaɗe a takarda, aka kuma ɗibi jini.

Washegari da hantsi ta aiko a kira ni labo, ɗakin gwajin jini. Ta ce tunda ni ƴar lakwal ce in zo in gani da idona, don in taya ta yi wa iyayena bayani. Na kafa ido a madubin da suke duba jini. Ta fara nuna mini jinin wani yaro mai lafiya, ga fararen ƙwayoyin jini, cikinsu ɗigo-ɗigo ƙanana kamar an barbaɗa gari. Ta canza, ta sa na Auta. Nasa ɗigon manya ne, ƙulu-ƙulu, sun cunkushe a cikin ƙwayar. Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Gashin ma haka, launin ya taru guri-guri maimakon ya bi silin ya watsu.

Baba ya iso daga Dakoro da azahar, ta tara mu a ofishinta. Ta ce fararen ƙwayoyin jini su ne masu tsaron jiki. Kowace ƙwaya tana da ƴan jakunkuna a cikinta, cike da abin da take kashe cuta da shi. In cuta ta shigo, sai ƙwayar ta kai jakunkunan inda cutar take ta zazzage. A jikin Auta jakunkunan suna nan, maganin yana ciki, amma sun haɗe sun yi girma, ba sa isa inda ake bukatarsu. Ta ce irin wannan jigilar ce ke kai baƙi cikin gashi da fata, shi ya sa launinsa ya fita daban. Wannan zazzaɓin kuma masu tsaron ne suka ruɗe, sun kasa gama faɗa, sun juya suna cin jikinsa.

Baba ya ce, "Wato kaya na cikin sito, motar ce ba ta tashi."

"Haka ne, Alhaji."

"Mi ya kawo shi?"

Ta ce gado ne. Akwai wani abu ɓoyayye da Baba yake ɗauke da shi, Inna ma tana ɗauke da shi, duk daga kakanni ɗaya. Mai ɗauke da rabi lafiyarsa lau. Sai yaro ya ɗauko daga uwa ya kuma ɗauko daga uba ciwon yake bayyana. Ta faɗi sunan ciwon, sunan wasu likitoci biyu ne na ƙasashen waje, har yau Inna ba ta iya faɗarsa.

"Lokotoro," in ji Inna, "ba nonona ba ne ke nan?"

"Wa ya ce nononki ne? Hajiya, ba don kulawarki ba da yaron nan bai kai yau ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban Baba ba sai ranar.

Mun yi mako bakwai a Maradi. Aka sa masa magunguna masu ƙarfi don kwantar da rikicin, da ƙarin jini har sau uku. Fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, ya koma cin abinci kamar ƙato, zazzaɓin ya sauka, cikin ya sace. Muna murna, likitar ta ce kada mu saki jiki. Abin zai iya dawowa, kuma in ya dawo ya fi na farko. Magani na gaskiya ɗaya ne, dashen ɓargo. Ta ce a cikin ƙashi ake yin jini, in aka share nasa ɓargon aka sa na wani mai lafiya, sai jikinsa ya fara yin masu tsaro na kirki. Ba a yin aikin a ƙasarmu, kuma ba ɓargon kowa jiki ke karɓa ba. Sai an gwada ƴan'uwansa na ciki ɗaya.

Mu uku aka ɗibi jininmu aka aika waje. Wata biyu muna jira. Ina aji, ana darasin lissafi, aka ce Baba yana ƙofar lakwal. Bai taɓa zuwa ba. Na fita da gudu, na ɗauka Auta ne ya tafi. Na same shi tsaye kusa da babur ɗinsa.

"Lokotoro ta kira," ya ce. "Naki ne ya yi daidai."

Labari ya bazu a dangi, kuma da maganar ta isa kunnen Gwaggo, yayar Baba, ba ta aiko kowa ba, da kanta ta hau mota daga Bader Goula. Gwaggo ita ta raine ni shekara biyu ina ƙarama, tana ji da ni fiye da ƴaƴanta. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna, ta ƙi taɓa furar da aka kawo mata.

"Ɓargo fa aka ce," ta ce wa Baba. "Kai ba ka san ɓargo ba? Sai an fasa ƙashi ake kai gare shi. Ɗiya budurwa za ka kai a fasa wa ƙashi? In ta gurgunce fa? In ta kasa haihuwa? Guda na kwance, za ka kwantar da ta biyu."

Baba ya yi mata bayani yadda likita ta yi mana, cewa allura ce ake sawa a ƙashin ƙugu a zuƙo, ba a fasa komai, kuma abin da aka ɗiba yana mayar da kansa cikin makonni. Ya ce ya je wurin limamin unguwarmu, ya ce babu laifi a addini, ceton rai ne. Gwaggo ta ce liman ba ƙashinsa za a huda ba. Suka yi ta yi har inuwa ta cinye tsakar gidan. Inna ba ta shiga ciki ba, don duk wanda ta goya wa baya, ɗanta ne a ɗaya gefen.

Daga ƙarshe Baba ya juyo gare ni. "Ke aka yi wa maganar. Shekarunki sha tara, ba yarinya ba ce. In kin ce a'a, wallahi ba mai ganin laifinki a gidan ga, kuma ba za a sake tada zancen ba."

Gaskiya ina jin tsoro. Allurar rigakafi ma sai na kau da kai. Ga bak, jarrabawar gama lise, a gabana a ƙarshen shekarar, na san in na tafi ta wuce ni. Na dubi Gwaggo na ce:

"Gwaggo, ni na ga jininsa da idona. Na ga abin da ke ciki. In nawa zai gyara shi, ba zan iya zama da shi a jikina ina kallonsa ba. Ki yi mini addu'a kawai."

Sai ta jawo kwanon furar ta sha, ta ce, "Taurin kan ubanki ne kika ɗauko." Kafin ta koma gida ta bar mini zanenta na saƙi, ta ce an ce ƙasar da za mu akwai sanyi.

Takardu sun ci wata huɗu. Likitar ce ta yi ta rubuce-rubuce har wata ƙungiya mai taimakon yara marasa lafiya ta ɗauki nauyin aikin, Baba kuma ya yi ta zirga-zirga Yamai da dosiyen takardu a hammata, ya bar kasuwa a hannun abokinsa. A tsakanin nan kullum Inna na taɓa goshin Auta safe da yamma. Allah ya sa ciwon bai tashi ba. Mu uku muka hau jirgi, ni da Inna da shi, zuwa wani birni a bakin teku. Inna ta riƙe carbi tun daga tashi har sauka. Auta kuwa ya manna hanci a taga yana tambaya ko za mu wuce ta saman gidanmu.

Aka sa shi a ɗaki mai bangon gilashi, ba mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe baki da hanci ya sa riga ta musamman. Kwana da kwanaki ana ba shi maganin da zai share ɓargonsa. Ya yi amai har ya gaji, gashin nan ya zube duka a kan matashi. Ni ce tafinta. Duk abin da likitoci suka faɗa da Faransanci ni ke juya wa Inna, kuma tun ranar farko ta kafa mini sharaɗi.

"Kada ki rage mini komi. Mai daɗi da marar daɗi, duk ki hwaɗa mini."

Ban rage ba. Har ranar da suka ce akwai yaran da ba sa tsallake wannan matakin, na faɗa mata kamar yadda suka faɗa. Ta ce to, ta tashi ta yi alwala.

Ranar aikin da safe aka tura ni a gado mai taya. Wata ma'aikaciya ta ce in ƙirga daga goma zuwa ƙasa. Na fara da Faransanci, na tsinci kaina ina yi da Hausa, ban kai shida ba. Da na farka, ƙuguna yana ciwo kamar jaki ya harbe ni ta baya. Abin da na fara tambaya shi ne ko ɓargon ya isa. Aka ce ya isa har da saura. Na roƙa aka sa ni a keke aka kai ni bakin gilashin.

Na ɗauka zan ga wani babban aiki. Ashe jaka ce ta roba rataye a ƙarfe, ja wur kamar zoɓo mai kauri, tana ɗiga a hankali ta siririn bututu zuwa ƙirjinsa. Shi kuma yana zaune da kansa tal, yana wasa da wata ƴar motar roba. Ya ɗago ya gan ni, ya nuna jakar.

"Yaya, wai naki ne wannan?"

Na ɗaga kai.

"Ya yi zafi?"

"Kaɗan."

"Ƙarya kike, ga ki a keke."

Na yi dariya har bandejin ya ja ni. A rayuwata ban taɓa jin na yi wani abu mai amfani kamar wannan yinin ba.

Makonni biyu da suka biyo sun fi komai wuya. Ɓargonsa ya tafi, nawa bai fara aiki ba, ba shi da mai tsaro ko ɗaya. Bakinsa ya yi gyambo, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Kowace safiya ana kawo takardar analis, sakamakon gwajin jini, in duba layin fararen ƙwayoyi, in ce wa Inna babu. Ta ce gobe. Rana ta goma sha bakwai likitan da ke kula da shi, wani dogo mai sanƙo, ya shigo da takardar a hannunsa yana murmushi, ya miƙo mini. Layin ya motsa. Na juya zan fassara, na ga Inna ta riga ta durƙusa ta kai goshi ƙasa a kan simintin mutane.

Mun yi wata biyar a can. Akwai lokacin da fatarsa ta yi ƙuraje ja, aka ce ɓargona ne yake faɗa da jikinsa don bai gama sanin sa ba, aka ƙara magani ya kwanta. Kafin mu taho suka sake duba jininsa, suka ce duk ƙwayoyin nawa ne, babu manyan ƙulu-ƙulun nan. Suka kuma gaya mana gaskiya cewa jini ne dashen ya gyara, bai gyara launi ba, bai gyara ido ba, kuma wasu masu ciwon in sun girma jijiyoyin ƙafa kan ba su matsala, saboda haka sai an riƙa dubawa.

Duk da na fassara mata wannan, Inna ta sa rai gashin zai fito baƙi. Da ya fara tsirowa bayan mun dawo Dakoro, kullum sai ta kai shi haske ta duba. Ruwan toka ya fito, kamar da. Ta shafa kan ta ce, "To, shi ke nan. Da ma ba gashi muka je nema ba."

Gwaggo ta zo tarbarmu. Ba ta fara da Auta ba, ni ta sa na yi tafiya daga zaure zuwa madafa na dawo, tana kallon ƙafafuna. Na maimaita aji, na ci bak a shekarar da ta biyo, yanzu ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a nan garin. Da na haifi ɗiyata ta fari Gwaggo ce ta yi mini wankan jego, kuma duk wadda ta zo barka sai ta ba ta labarin ɓargon, kamar ita ta ba da shawarar. Mijina ba danginmu ba ne. A dangi kuwa ba a daina auren zumunci ba, amma yanzu in maganar ta taso akan zo a tambayi Inna, ita kuma ta ce a je Maradi a ji ta bakin likita tukuna.

Auta yana da shekara goma sha huɗu yanzu, yana kolej. Ya fi ni tsawo. Yana sa tabarau mai duhu in rana ta yi, yana zama a bencin gaba don allo. Rukunin jininsa ya koma irin nawa, ƙannena kuma suka samu abin tsokana, wai jinin mata ne a jikinsa, shi ya sa ya iya dama fura. Bara da kaka ya bi Baba gona wajen garin Mai Yara, lauje ya yanke shi a ƙafa. Aka wanke aka ɗaure, Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Kwana shida ciwon ya kame ya bushe da kansa. Ta riƙa kiran maƙwabta su zo su ga tabon.

Sau ɗaya a shekara nake raka shi Maradi. Likitar tana nan, ta fara furfura, takan ce ta kusa kamo shi. Ta ɗibi jini, ta buga masa ƴar guduma a gwiwa, ta sa shi ya taka layin siminti, dunduniya na taɓa yatsa, daga bango zuwa bango. Ni nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙafafun, ba na numfashi sosai sai ya kai. Wannan karon ya kai, ya juyo, ya dawo da baya da baya don iya yi. Ta ce ba ta sa shi ba, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce sai baɗi. Muka fito ya ce yunwa yake ji, kuma shi ba zai shiga motar Dakoro ba sai na saya masa tsire a bakin tasha.